Tsoron da Ya Cancanci Darenmu: Shawara Daga Greensboro

Da zarar watan Oktoba ya kama, sai birnin Greensboro ya sauya fuska. Ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa, magariba ta riƙa saurin yi, ƙofofin gidaje su cika da kabewar da aka fafe aka yi wa idanu da haƙora, ga ƙwarangwal na roba a rataye jikin bishiyoyi. A kan titin Church akan buɗe wurin wasan nan da ake kira Woods of Terror, inda mutum zai biya kuɗinsa ya shiga daji da dare don a firgita shi. Tsohon gidan kallo na Carolina Theatre da ke tsakiyar gari ma a daren bikin Halloween aka buɗe shi, ranar 31 ga Oktoba, 1927. Tashoshin talabijin da manhajojin kallo irin su Netflix kuwa sai su turo fina-finan tsoro gaba, duk inda ka latsa su za ka fara gani.

Mu Hausawan da ke zaune a wannan birni na jihar Karolina ta Arewa, da yawanmu daga Jamhuriyar Nijar, wasu daga Najeriya da Gana, babu ruwanmu da bikin. Sai dai abin da ke cikin talabijin da ruwanmu, tunda a falonmu take, wayar kuma tana hannun 'ya'yanmu. Akwai matasanmu da dama, har da iyaye, masu matuƙar son shirye-shiryen tsoro, musamman irin waɗanda kowane kashi yake zuwa da labarinsa daban. Masu wannan sha'awa, na nan da na gida, su nake yi wa wannan rubutu. Shawarata tana kan ma'auni guda: labarin tsoron da ya cancanci a ba shi dare shi ne wanda in ka kashe talabijin, gari ya waye, za ka iya ba wani shi da baki, tsigar jikinsa ta tashi ba tare da ya ga hoto ko ya ji ƙarar kiɗa ba. Wanda ya kasa cin wannan jarabawa razana ce kawai ya yi maka, razana kuwa ko ƙofa iska ta buga za ka yi ta.

Gini ne da muka sani

Irin shirin da nake nufi ya sha bamban da fim mai dogon zango irin Labarina ko Kwana Casa'in, inda ake bin mutane ɗaya shekara da shekaru. A nan labari yakan fara ya ƙare a zama guda, cikin minti ashirin da biyar ko awa ɗaya, mako mai zuwa kuma a kawo sababbin mutane da sabuwar masifa. Wasu shirye-shiryen zango guda suke ba labari guda, in ya ƙare a share fage a kafa wani. Sau da yawa akwai mai gabatarwa, wanda zai buɗe maka ƙofar labarin, ya dawo a ƙarshe ya rufe ta da 'yar magana.

Bahaushe ya san wannan gini tun kafin a ƙera talabijin. Kaka ce a tsakar gida bayan an ci tuwon dare, jikoki sun kewaye ta, ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi, ta kawo ta Dodo da yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye, kowacce da farkonta da ƙarshenta. An ma hana yin tatsuniya da rana, domin duhu yana cikin kayan aikinta. Da Abubakar Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, wannan ginin ya ɗauka: aku ya riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Akun nan shi ne mai gabatarwa, labaransa kuma su ne kashi-kashi na shirin.

Greensboro ma tana da hannu a wannan sana'a. A nan aka haifi William Sydney Porter a 1862, wanda duniya ta sani da O. Henry. Yana saurayi ya yi aiki a kantin maganin kawunsa da ke titin Elm, daga baya ya shahara da gajerun labarai masu juyewa a layin ƙarshe, inda mai karatu zai ga ashe tun farko ba inda ya zata aka dosa ba. Wannan juyi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan kusan duk shirin da zan ambata. Shi ne kuma abin da ke sa labari ya iya tafiya daga baki zuwa baki, don abin da mai ba da labari yake ɓoyewa har ƙarshe shi ke riƙe kunnen mai saurare.

A fara da Rod Serling

Duk mai son wannan fanni, The Twilight Zone ce makarantarsa ta farko. Tashar CBS ta nuna shi daga 1959 zuwa 1964, kashi 156, kuma Rod Serling, wanda ya ƙirƙire shi yake kuma gabatar da shi, shi ya rubuta 92 daga ciki. Hoton baƙi da fari ne, babu jini, babu tsiraici. Dalilin da ya sa Serling ya rungumi labaran dodanni da halittun sama shi ne abin lura. A 1955 an kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Misisipi, kotu kuma ta sallami waɗanda suka kashe shi. Serling ya rubuta wasan talabijin a kan lamarin, masu ɗaukar nauyin shirin suka tsorata da fushin Turawan kudu, suka sa aka sauya wurin, aka sauya wanda aka kashe, har labarin ya fita daga kamanninsa. Ya sake gwadawa a 1958, aka mayar masa da labarin ƙarni na 19. Daga nan ya gane cewa gaskiyar da aka hana shi faɗa da bakin mutum, ba mai hana shi faɗar ta da bakin dodo. Haka kakanninmu suka yi da Gizo, suka sa shi ya faɗi abin da talaka ba zai iya faɗa a gaban fada ba.

Kashin da zan ce a fara da shi sunansa The Monsters Are Due on Maple Street. Unguwa ce mai zaman lafiya, maƙwabta sun san juna. Wata rana da yamma wuta ta ɗauke, motoci suka ƙi tashi, tarho ya mutu. Wani yaro ya ce ya karanta cewa halittun sama sukan aiko 'yan leƙen asiri cikin siffar mutane. Shi ke nan. Motar wani ta tashi da kanta, aka ce shi ne. Aka tuna ba ya barci da dare, yana kallon sama, aka ƙara cewa shi ne. Kafin gari ya waye an harbe maƙwabci, an shiga jifa da fasa tagogi. A can kan tudu kuwa baƙin halittun suna tsaye, abin da kawai suka yi shi ne wasa da wutar lantarki, sauran aikin mutanen unguwa suka yi wa kansu.

An nuna wannan kashi ranar 4 ga Maris, 1960. Wata guda da 'yan kwanaki kafin nan, ranar 1 ga Fabrairu, ɗalibai huɗu na kwalejin A&T, wato Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a kantar cin abinci ta kantin Woolworth da ke titin South Elm, inda ba a sayar wa baƙar fata abinci a zaune. Aka ƙi ba su, suka ƙi tashi. Zaman dirshan ɗin ya bazu zuwa garuruwan kudu, aka yi ta zagin ɗaliban da tsangwamarsu, har aka yi barazanar dasa bam, kafin kantin ya sauka daga matsayinsa ranar 25 ga Yuli. Blair ya musulunta daga baya, ya koma Jibreel Khazan. Ginin kantin yanzu gidan tarihi ne na gwagwarmayar 'yancin ɗan Adam, an buɗe shi a 2010. Ƙasa ɗaya ce ta haifi zaman dirshan ɗin da labarin Serling a lokaci ɗaya, kuma cuta ɗaya suke nunawa, wato tsoron maƙwabci. Mu ma ba baƙinta ba ne. Mun san yadda saƙon murya guda a WhatsApp yake tara jama'a a kan baƙo, mun san tsohuwar da aka ce mayya ce don kawai jikan maƙwabciya ya yi zazzaɓi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba da labarin Maple Street a kowace majalisa a Maraɗi ko Zariya, ka sauya sunan titin, za a ce maka ai an san unguwar.

Bayan shi a nemi The Masks na 1964, wanda Ida Lupino ta ba da umarni, mace ɗaya tilo da ta yi hakan a tsohon shirin. Attajiri ne a gadon mutuwa, magada sun taru suna ƙirga dukiya a zuci. Ya kafa musu sharaɗi: kowa ya sa wata mummunar fuskar roba har sha biyun dare, in ba haka ba babu gado. Abin da suka tarar da suka cire fuskokin ba zan faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa ganin 'yan'uwa a kotu a kan gida ko gona zai ji shi a jikinsa. Sai It's a Good Life na 1961, labarin yaro ɗan shekara shida da ke jin tunanin mutane, yana kuma iya ɓatar da duk wanda ya ɓata masa rai. Garin duka ya koma murmushin dole, kowa na cewa komai lafiya. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin da ba a cewa uffan ba ya bukatar a yi masa bayani.

A 2019 Jordan Peele ya farfaɗo da shirin. Ba duka kashinsa suka kai na Serling ba, amma akwai guda da nake so kowane uba da uwa a Greensboro su gani, sunansa Replay. Uwa ce, Sanaa Lathan ta fito a matsayinta, take kai ɗanta jami'ar baƙaƙen fata a mota. Ta gano tsohuwar kyamarar bidiyonta tana iya mayar da lokaci baya. Wani ɗan sandan babbar hanya ya tare su, abu ya ɓaci, ta mayar da lokaci. Ta sauya hanya, ya same su. Ta yi masa ladabi har da sayen abinci, ya same su. Ba ta ga mafita ba sai da ta koma ga danginta da ta daɗe da guje wa. A garin da ke da A&T, jami'ar baƙaƙen fata mafi yawan ɗalibai a Amurka, wannan tsoro ne da iyaye suke kwana da shi duk daren da yaro ya fita da mota.

Na zamani da suka ci jarabawa

A Oktoban 2022 Netflix ta fitar da Cabinet of Curiosities, labarai takwas da Guillermo del Toro, ɗan ƙasar Meziko, ya zaɓa yake kuma gabatarwa. Na manya ne, wasu kashin akwai abin ƙyama. Biyu nake ba da shawara. Lot 36 labarin wani tsohon soja ne mai ƙin baƙi, sana'arsa sayen ɗakunan ajiyar da aka yi gwanjonsu. Wata mata 'yar ci-rani ta roƙe shi ya bar ta ta ɗebi hotuna da wasiƙun iyalinta da gwanjo ya rutsa da su bisa kuskure, ya wulaƙanta ta. Ranar da ya zo yana neman wanda zai buɗe masa ƙofa, ita ce a bakin ƙofar. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Na biyu, The Murmuring na Jennifer Kent, mata da miji ne masu nazarin tsuntsaye da suka rasa 'yarsu, suka kasa yi wa juna maganar rashin. Fatalwar da ke gidan da suka sauka ta fi ba da tausayi a kan tsoro, kuma ita ce ta buɗe bakin matar.

The Terror na tashar AMC zango guda labari guda ne. Zangon farko, na 2018, ya ɗauko tarihi na gaske: a 1845 jiragen ruwa biyu na Ingila, Erebus da Terror, suka tashi ƙarƙashin Sir John Franklin neman hanya ta ƙanƙarar arewacin Kanada, da mutum 129, babu wanda ya dawo. Shirin ya ƙara wata dabba da ke farautarsu, amma abin da ya cinye su girman kai ne, da raina ilimin mutanen Inuit masu ƙasar, da yunwa. Zango na biyu, na 2019, ya koma sansanonin da Amurka ta tsare mutanenta 'yan asalin Japan daga 1942, kuma George Takei, wanda aka tsare a irin sansanin yana yaro, yana cikin 'yan wasan. Duk ɗan ci-rani zai gane tambayar da ke ƙarƙashinsa: takardar zama ɗan ƙasa tana kare ka ranar da ƙasar ta tsorata?

Black Mirror na Charlie Brooker ya fara a Birtaniya a 2011, Netflix ta karɓe shi a 2016. Yawancin kashinsa babu aljani, wayar da ke aljihunka ce dodon. Kada a fara da kashin farko, akwai ƙazantar da ba ta dace da gidan mutunci ba. A nemi Nosedive, inda kowa ke ba kowa maki a waya, makin kuma shi ke yanke gidan da za ka samu da layin da za ka bi. A nemi Be Right Back na 2013, inda wata mata da mutuwa ta raba da masoyinta ta sayi manhajar da ke kwaikwayon maganarsa daga saƙonnin da ya bari. Ga mu da muka yarda cewa mamaci addu'a yake bukata, mai rai kuma haƙuri, labarin yana nuna azabar wanda ya ƙi karɓar ƙaddara.

Ga yara kuwa, tsohon shirin Are You Afraid of the Dark? da tashar Nickelodeon ta nuna tun daga 1992 ya fi sauran kusa da tsakar gidanmu. Yara ne ke haɗuwa a daji da dare, su kewaye wuta, ɗaya ya ba da labari, a ƙarshe a kashe wutar a watse. Yaron da aka haifa a nan, wanda bai taɓa jin kakarsa ta yi tatsuniya ba, zai ga yadda ake zama a saurari labari, daga nan kuma aikin iyaye ne su ce masa mu ma muna da namu.

Waɗanda na ajiye gefe

American Horror Story na Ryan Murphy da Brad Falchuk, wanda ya fara a 2011, ya fi duka suna, shi ne kuma matasa suka fi tambaya. Zangonsa na shida, na 2016, a jiharmu aka kafa labarinsa, a kan Turawan Ingila sama da ɗari da suka sauka tsibirin Roanoke a 1587, waɗanda shugabansu John White ya dawo a 1590 bai tarar da kowa ba sai kalma guda da aka sassaƙa a jikin gungume. Tarihin da kansa ya isa ya hana barci. Shirin ya binne shi ƙarƙashin yanka da cin naman mutane. Gwada ba wani labarin zangon da baki, za ka ga lissafin gawarwaki kawai kake yi. Ga tsiraici da batsa da suka cika sauran zangunan. Tales from the Crypt na HBO, daga 1989 zuwa 1996, ya fi shi ma'ana, don kusan kowane kashi yana cewa alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, amma shi ma ba na falon iyali ba ne.

Them na Amazon, na 2021, shi ya fi ba ni wahalar yanke hukunci. Iyali ne baƙar fata da suka bar Karolina ta Arewa a 1953 suka koma unguwar Turawa a Compton. Niyyar mai kyau ce, 'yan wasan sun yi ƙoƙari. Amma shirin ya tsaya a kan azabar mutanen nan yana jan ta, yana nanata ta, har mai kallo ya rasa ko tausayinsa ake nema ko nishaɗinsa. A wannan gari, ranar 3 ga Nuwamba, 1979, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan da 'yan Nazi suka harbe mutum biyar a wajen wani gangami a unguwar Morningside Homes, kyamarorin talabijin na ɗauka. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu Turawa, suka wanke waɗanda ake tuhuma a 1980, aka sake wanke su a 1984. A 2020 majalisar birni ta nemi gafara a hukumance. Inda irin wannan rauni yake, akwai waɗanda suka gani da idonsu suna raye, mai ba da labari yana da haƙƙin ya taɓa shi da ladabi. Serling ya girgiza ƙasa da harbi guda a cikin duhu.

Abin da malamai da iyaye suke cewa

Akwai masu cewa Musulmi ba shi da abin yi da wannan fanni gaba ɗaya, kuma ba na raina maganarsu. Aljanu a wurinmu ba ƙirƙirar marubuci ba ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Fim ɗin da ke koya wa yaro cewa Shaiɗan yana da iko kafaɗa da kafaɗa da Mahalicci, ko cewa tsira tana hannun boka, yana taɓa aƙida. Yaron da ya kalli abin da ya fi ƙarfin shekarunsa kuma yakan yi makonni yana firgita cikin barci. Wannan duka gaskiya ne.

Amma hani na baki ɗaya a ƙasar da kowane ɗalibi yake da waya yana mayar da kallon ne cikin bargo, inda babu babba kusa. Abin da ya fi shi ne uba ko uwa su riga yaro gani, su duba alamar shekarun da ke jikin shiri, su san cewa TV-MA na manya ne zalla, su zaɓa, sannan a kalla tare a tattauna. Yawancin waɗanda na lissafa a sama babu ruwansu da aƙida, halin ɗan Adam suke tonawa: haɗama, zato, girman kai, cin amana. Tsoro a cikin labari kamar barkono ne a miya, kaɗan yana fito da ɗanɗanon nama, in ya yi yawa ba a jin komai sai shi. Gajartar waɗannan shirye-shirye ma alheri ce. Kashi guda ya ƙare, an rufe, an yi addu'ar barci, babu igiyar da za ta ja ka zuwa kashi na gaba har ka makara sallar Asuba.

Namu fa?

A Jamestown, tsakanin Greensboro da High Point, akwai wata tsohuwar hanya da ta bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, an daina bin ta, ana kiran wurin gadar Lydia. Mutanen yankin suna cewa a daren da ake ruwa wata budurwa cikin farar riga takan tsayar da mota ta nemi a rage mata hanya zuwa gida. In an isa, direba ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, sai ya ga wayam. Ya ƙwanƙwasa gidan, wata tsohuwa ta fito ta ce masa 'yarta ce, ta rasu a haɗarin mota a wurin shekaru da dama da suka wuce. Tun ƙarnin da ya shige ake ba da wannan labari, kuma baki ne ya raya shi. Wane Bahaushe ne zai ji shi bai tuna da ɗan acaɓan da ya ɗauki kyakkyawar mace da tsakar dare ba, ta ce ya sauke ta kusa da maƙabarta, ya sunkuya karɓar kuɗi ya ga kofato? Kusan kowane gari namu yana da irin nasa.

Wasu sun riga sun mayar da nasu shiri. A 2018 HBO Asia ta yi Folklore, labarai shida daga ƙasashe shida, ciki har da Indonesiya da Maleshiya masu rinjayen Musulmi. Na Joko Anwar yana kan wata aljana mai kwashe yaran da iyaye suka yi sakaci da su, na Maleshiya kuma ɗan siyasa ne da ya nemi taimakon boka. A 2023 Netflix da hukumar UNESCO suka fitar da African Folktales, Reimagined, gajerun fina-finai shida. Na Muritaniya a kan aljani ne, na Najeriya kuwa, Zaɓin Halima na Korede Azeez, da Hausa aka yi shi. A kudancin Najeriya, C.J. Obasi da Abba Makama da Michael Omonua sun haɗa Juju Stories a 2021, labarai uku na asiri a Legas, har aka nuna shi a bikin fina-finai na Locarno a Suwizalan.

Kannywood ta ƙware a dogon zango, kuma tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ga kuma YouTube, kasuwar shirye-shirye ta buɗe. Abin da nake roƙon marubutanmu da daraktocinmu shi ne zango guda na labarai goma masu zaman kansu, kowanne rabin awa. Kayan aiki suna nan jibge: kukar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, rijiyar tsohon gida, ɗan takarar da boka ya nemi abin da ba a bayarwa, magajin da ya cinye rabon marayu, unguwar da ta yi wa tsohuwa ƙazafin maita, direban da ya wuce mai haɗari a hanya bai tsaya ba. Kuɗi ba hujja ba ne. The Invaders, wani kashi na The Twilight Zone na 1961, mace ɗaya ce a gida ɗaya, kusan babu magana. Inside No. 9 na BBC ya yi shekara goma, daga 2014 zuwa 2024, kusan kowane kashi a wuri guda. Abin da ya kashe yawancin fina-finan aljanunmu shi ne gaggawar nuna aljanin, da hoda a fuska da dariya mai amsa-kuwwa, har abin ya koma wasan yara. Kaka ba ta taɓa nuna mana Dodo ba, shi ya sa kowannenmu ya ƙera nasa a ransa, wanda ya fi kowanne muni. Irin wannan labari, mai tsoratar da azzalumi da mai zato da maci amana, babu abin da zai haɗa shi faɗa da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ko da mumbarin Juma'a.

Kafin Kano ta amsa, mu da ke nan muna da abin yi. A wannan makon a zaɓi kashi guda daga tsohon The Twilight Zone a kalla da yara. In ya ƙare a kashe talabijin, a sa babban cikinsu ya maimaita labarin da Hausa, ko da gurguwa ce, a gyara masa. Sannan uwa ko uba su biya shi da tatsuniya guda daga Damagaram ko Katsina ko Kumasi, irin wadda aka yi musu suna yara. In an manta ta, a kira gida a tambayi tsofaffi tun suna nan, a naɗi muryarsu a waya. Yaran nan za su ji tsoro ko mun so ko mun ƙi, Amurka ta tanadar musu shi ta kowace kafa. Haƙƙinmu ne mu tabbatar wani kaso na tsoron nan da harshenmu suka ji shi, kuma ya koya musu gudun zalunci da cin amana.